IDAN FENTIN TSOHUWAR MOTA YA SOMA SAƁA

Duk wanda ya tsaya ƙofar wata ma'aikata a Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, da misalin ƙarfe takwas na safe, ya dubi motocin da ake jerawa gindin bango, zai lura da wani abu. Da yawa daga cikinsu ƙofofinsu suna ƙyalli, amma rufinsu da murfin injinsu sun yi fari-fari kamar kan yaro mai kyasfi. A wasu ma wata ƴar fata mai kama da leda tana ɗayewa tana faɗuwa, kai ka ce maciji ne ya yi saɓa. Masu motocin kuwa kowa da abin da yake faɗi. Wani ya ce tun can Turai aka cuce shi, wani ya ɗora laifi kan yaron da ke wanke masa mota, wani ya ce ai tsufa ne, tsufa kuwa ba shi da magani.

Maganar ba ƙarama ba ce ga ma'aikaci. Bayan gida, mota ita ce babbar dukiyar da yawancinmu ke mallaka, kuma galibi tsohuwa muke saye. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da muhalli ta bayyana cikin shekarar 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kashi 40 cikin ɗari daga cikinsu Afirka aka kawo su. Shekara da shekaru rabonmu yana sauka tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ya hau gadar Malanbil ya shigo ta Gaya. Bayan rufe wannan iyaka a 2023 kaya suka koma bin hanyar Lome. Ko ta ina motar ta biyo, ta riga ta ci rabin ƙarfinta kafin ta iso hannunmu, sa'an nan ta tarar da ranar ƙasarmu tana jiranta.

ABIN DA YA SAME NI

Ni mai wannan rubutu na ɗanɗana abin da kaina. A 2019 na kwashe adashen shekara uku na sayi wata Toyota Corolla shuɗiya, ƙirar 2004. Bazara biyu ta yi a hannuna, sai rufinta ya soma yin hazo-hazo. Na sa aka wanke, aka goge, hazon yana nan. Kafin damana ta kama ya tsage, ya shiga ɓarewa.

Na kai ta wurin wani mai fenti da ke aiki gindin itace, ya ce kwana biyu sun ishe shi, ya kuma yanka mini kuɗin da ban yi zaton samunsa da sauƙi haka ba. Ran na uku na karɓi mota tana walƙiya, abokan aiki suna yi mini barka. Wata takwas ba su cika ba sabon fentin ya taso tare da tsohon, ɓarnar ta fi ta farko faɗi. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Sai daga baya wani dattijon toliye, wanda ya yi shekaru yana gyaran jikin mota, ya zaunar da ni ya nuna mini inda aka yi kuskure: an fesa sabo bisa mataccen da bai riƙe komi ba. Abin da na koya a wurinsa, da wanda na bincika bayan haka, shi ne nake so in raba da masu karatu, don kada wani ya biya kuɗin makarantar da na biya.

FENTIN MOTA HAWA HUƊU NE

Abin da ido ke gani kamar shafi ɗaya, a gaskiya hawa huɗu ne, wani bisa wani. Na farko shi ne wanda ake tsoma gangar motar duka cikinsa a masana'anta, a manna shi da ƙarfin lantarki. Aikinsa hana tsatsa. Na biyu fentin ƙasa ne, mai toka-toka, wanda ke cike ƴan ramuka ya ba na bisansa wurin kamawa. Na uku shi ne launi, ja ko shuɗi ko ruwan azurfa. Na huɗu ba shi da launi ko kaɗan, garau yake kamar gilashi, shi ne masu sana'a a nan ke kira berni. Ƙyallin mota duka daga gare shi yake, kuma shi ne garkuwar sauran ukun.

Duka huɗun in an haɗa kaurinsu bai cika wuce mikron 100 zuwa 150 ba. Mikron kuwa shi ne milimita ɗaya an raba ta gida dubu. Berni kaɗai yakan kai mikron 35 zuwa 50, wato bai kai kaurin silin gashin kan mutum ba. Wannan ƴar fata ce ke tsaye tsakanin motarka da rana.

Da can ba haka ake yi ba. Dattawan da suka tuƙa Peugeot 404, wadda ta fito a 1960, ko 504 ta 1968, za su tuna cewa fara ko mai ruwan ƙasa in ta koɗe, sai a samu man goge fenti a murza, launi ya fito jikin tsumma, mota ta dawo da haskenta. Dalili shi ne launi da ƙyalli a haɗe suke cikin shafi ɗaya mai kauri. Daga shekarun 1970 aka soma raba su biyu, musamman ga launuka masu ƙyalƙyalin ƙarfe, kuma daga ƙarshen shekarun 1980 wannan hanya ta game kusan dukan masana'antu. Sabuwar hanyar ta fi kyau ga ido, ta fi riƙe launi, amma ran da berni ya mutu babu man da ke tashe shi.

ME KE KASHE SHI?

Babban abokin gaba rana ce. Cikin haskenta akwai wani kashi da ido ba ya gani, wanda masana ke kira ultrabiyole, shi ne mai ƙona fatar mutum, shi ne kuma ke sa bokitin roba da aka bari a tsakar gida ya bushe ya fashe. Berni ma dangin roba ne. Masu yin sa suna zuba masa wani sinadari mai shanye wannan haske, amma sinadarin yana ƙarewa da shekaru. Idan ya ƙare, hasken ya ratsa har zuwa inda berni ya manne da launi, ya cinye mannin, sai fatar ta saki.

A Faransa ko Jamus, inda aka ƙera ko aka fara hawa da yawa daga cikin motocinmu, rana ba ta taɓa tsayawa tsakar ka. A Yamai da Maraɗi da Damagaram kuwa tana tsayawa cak bisa kai sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afirilu da tsakiyar Agusta. Cikin Afirilu da Mayu zafin inuwa yakan haura digiri 40, rufin baƙar mota da ke tsaye a fili kuwa yakan kai 70 ko fiye. Da rana ƙarfe ya buɗe, da dare ya tsuke, kullum haka, har fatar da ta riga ta bushe ta tsattsage. Shi ya sa ciwon ke farawa daga rufi, da murfin inji, da murfin baya, wuraren da ke kallon sama, ƙofofi kuwa su daɗe lafiya lau.

Na biyu ƙura ce, da hannunmu. Ƙurar hunturu ƴaƴan yashi ne masu kaifi. Al'adar da direbobi da masu gadi suka saba, ta kama busasshen tsumma kowace safiya a share mota, daidai take da gurza ta da takardar yashi. Kowace shara tana rage kaurin da ba a iya mayarwa.

Na uku sabulun wanki na gari da na wanke kwanoni. An yi su ne don su cire maiƙo, saboda haka suna kwashe duk wani kakin da ke kare fenti su bar shi tsirara. In an wanke mota da tsakar rana ruwan ya bushe a jikinta, gishirin da ke cikin ruwan ma yana barin tabo.

Na huɗu kashin tsuntsaye da na jemage, da ƙaron itace. Kashin tsuntsu yana da tsami mai cin fenti, in ya kwana biyu bisa ƙarfe mai zafi sai ya bar shaida. Wanda ya gudu daga rana ya fake gindin bedi inda balbelu ke kwana, ya san bai gama tsira ba.

Na biyar, tsohon gyara. Motoci da yawa an taɓa yi musu fenti bayan haɗari kafin a sayar mana. In ka ga ƙofa ɗaya ko gefe ɗaya kaɗai ke ɓarewa, sauran lafiya, to, a nan aka yi gyaran, kuma da kaya marasa kyau.

A GANE MATAKIN CIWON TUKUNA

Kafin a kashe ko tamma ɗaya, a wanke motar a kai ta inuwa a duba. Da farko a san irin fentin. A ɗiga man goge fenti bisa farin tsumma a murza wani lungu. In launin motar ya fito jikin tsumma, fentin mai shafi ɗaya ne irin na da, ko kuwa bernin wurin ya riga ya tafi. In tsumma bai ɗauki launi ba, akwai berni.

Ciwon yana da mataki uku. A mataki na farko fenti ya dushe, ba ya ƙyalli, amma in ka shafa da hannu sumul yake, babu tsaga, babu baki-bakin da farce ke kamawa. Wannan yana da magani mai sauƙi. A mataki na biyu wurin ya yi fari kamar an zuba madara ta bushe, in ka matsa kusa ka ga ƴan tsage-tsage kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe. A nan bernin ya mutu ko da yake bai faɗi ba. A mataki na uku ya ɓare, kana iya kama gefensa da farce ka ɗaye, launin da ke ƙasa ya fito ba shi da haske.

MAGANIN KOWANE MATAKI

Ga mataki na farko, a wanke da kyau, a goge da man goge fenti mai laushi, da hannu ko da inji, sa'an nan a shafa kakin mota. Goge nan yana cire ƴar fatar sama da ta ƙone ne don ta ƙasa ta fito, saboda haka ba abin yi kullum ba ne. Shawarar masu sana'a ita ce kada a cire fiye da rubu'in kaurin berni duk tsawon rayuwar mota, domin maganin rana ya fi yawa a sama-sama. Mai inji in ya daɗe wuri ɗaya, ko ya bi bakin ƙarfe da ƙarfi, sai ya huda. Garin neman gira kada a rasa ido.

Ga mataki na biyu da na uku, gaskiya ɗaya ce ko da ba ta da daɗi: babu mai, babu kaki, babu ruwan kwalba da ke mayar da berni da ya saki. Sai an gurje an sake. Aikin ƙwarai ga yadda yake tafiya. A wanke wurin a cire maiƙo. A gurje mataccen berni duka da takardar yashi mai lamba 320 ko 400, har a kai inda fenti ke riƙe gam, a lallashe gefen yadda yatsa ba zai ji tudu ba. In ƙarfe ya bayyana ko akwai tsatsa, a kankare ta sarai a sa maganin tsatsa. A fesa fentin ƙasa, ya bushe, a bi shi da takarda mai laushi, lamba 600 zuwa 800. A fesa launi, sa'an nan berni shafi biyu, da ɗan jira na kamar minti goma tsakaninsu. Kuma a yi fallen duka, rufi duka ko murfi duka har bakinsa, domin facin tsakiya gefensa ne ke fara tashi.

Berni iri biyu ne a kasuwa. Akwai na gwangwanin fesawa da hannu, wanda ke bushewa da iska kawai. Yana da araha, amma ba ya jure ranarmu, kuma in sansi ya zuba masa sai ya yi laushi. Akwai kuma mai haɗi biyu, wanda ake gauraya shi da maganin daskarewa kafin a fesa, galibi kashi biyu da kashi ɗaya, gwargwadon abin da aka rubuta jikin gwangwani. Shi ne na ƙwarai. Mai fentin da ke tsinka shi da dilyan fiye da kima don gwangwani ɗaya ya isa mota biyu, ya ba ka fatar da ba za ta ga bazara biyu ba.

Lambar launin motarka tana rubuce jikin wani ɗan allo, galibi a bakin ƙofar direba ko ƙarƙashin murfin inji. A ba mai haɗa fenti wannan lamba, a kuma gwada a ɗan ƙarfe a kara da jikin motar da rana, don tsohon launi ya riga ya koɗe kaɗan.

DABARUN DA KE ƘARA ƁARNA

Wasu suna shafa gazwal ko baƙin mai don mota ta yi sheƙi. Sheƙin na yini ɗaya ne, ƙura ta manne, kuma maiƙon yana shiga cikin tsagar ya hana sabon fenti kamawa ran da aka zo gyara. Man birki kuwa narkar da fenti yake yi, ko ɗigo ya zuba a wanke nan take da ruwa. Wasu suna bin ɓawon da reza ko farce suna ɗayewa, suna faɗaɗa ciwon. Ruwan famfo mai ƙarfi na wurin wankin mota ma yana shiga ƙarƙashin gefen da ya tashi ya ɗaga shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mai niyyar sayen mota ya kiyaye da wannan. Jiƙaƙƙen fenti, ko wanda aka shafa wa mai, yana ɓoye aibinsa. A duba mota busasshiya, da rana, a leƙa rufinta, a shafa da yatsa a ga ko akwai maiƙo.

SHIN GYARAN YA CANCANTA?

Ɓarewar berni ba ta hana mota tafiya, ba ta kuma jawo haɗari. Mai iyali wanda albashinsa ke da iyaka ya fara da birki, da tayoyi, da fitilu, da inji. Fenti ya biyo baya. Ƙasarmu busasshiya ce, kuma motocin zamani ƙarfensu yana da kariya, saboda haka tsatsa ba ta saurin kamawa kamar a bakin teku. Amma in an bar abin shekaru, launi ya ci, fentin ƙasa ya bayyana, ruwan damana ya samu hanya. Ran da aka tashi sayarwa kuma, mai saye da ido yake fara ciniki.

Akwai hanyoyin rage kuɗi ba tare da an cuci kai ba. In ƙofofi lafiya suke, a yi rufi da murafu kaɗai. In motar ta aiki ce, ta tsufa ƙwarai, ana iya yi mata fenti mai shafi ɗaya na zamani, mai haɗi biyu, wanda ba ya bukatar berni. In ya dushe a goge ya dawo. Fari ya fi kowane launi jure rana, ya fi kuma sanyi a ciki. Wanda ba shi da hali yanzu, ya riƙa wankewa a hankali, ya shafa kaki, ya nemi inuwa, ciwon zai rage gudu har Allah ya hore.

In za a ba da aiki, a je a ga wurin da ido. Mai fentin ƙwarai yana da ɗaki ko rumfa rufaffiya, yana yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, yana fesawa da sanyin safiya, ba ya aiki a fili ran da hazo ya sauka ko hadari ya haɗu. A tambaye shi kwana nawa zai yi yana gurza, domin gurza ita ce mafi yawan aikin. Wanda ya ce mota duka kwana biyu, ya faɗa maka abin da zai tsallake. A nemi ganin gwangwanayen da zai yi aiki da su. A nemi ganin motar da ya yi shekara biyu da suka wuce, ba wadda ya gama jiya ba. Araha ba ta ado. Bayan an karɓi mota, a yi wata ɗaya zuwa uku ba a shafa kaki ba, ba a kuma lulluɓe ta da tampol ba, sai fentin ya gama ƙeƙashewa.

LAFIYAR MAI FESAWA

Akwai wanda ba a cika tunawa da shi ba cikin wannan magana, shi ne yaron gareji. Maganin daskarewar nan yana ɗauke da wani sinadari mai suna izosiyanat, wanda shaƙarsa ke jawo ciwon fuka, kuma wanda ya kamu yakan zama ko kaɗan ya shaƙa sai ƙirjinsa ya toshe, har sana'ar ta gagare shi. Rawani, ko ƙyalle, ko takunkumin takarda ba su tare shi. Abin da ya fi shi ne takunkumin da ake turo wa iska mai tsabta ta tiyo; in babu, a ƙalla mai gwangwanin gawayi, a riƙa canza shi, tare da safar hannu da tabarau. Maganar da ake yi cewa shan madara bayan aiki yana wanke ƙirji ba ta da tushe: madara ciki take zuwa, guba kuwa huhu ta shiga. Dilyan yana kama wuta, kada a sha taba ko a hura wutar shayi kusa da shi. Masu gareji su ji tsoron Allah game da ƴaƴan mutane da aka ba su amana, mu ma masu mota mu riƙa tambaya.

RIGAKAFI

Wanda motarsa ba ta kamu ba tukuna, abin yi kaɗan ne. Inuwa ita ce gaba da komi; rumfar zana huɗu da ƴan sanduna ba ta kai kuɗin fentin murfi ɗaya ba. A daina sharar busasshen tsumma, a fara kwarara ruwa ƙura ta sauka kafin hannu ya taɓa. A wanke da safe ko da marece, da sabulun mota ko ruwa zalla, da tsumma mai laushi wanda bai taɓa ƙasa ba. Kashin tsuntsu a jiƙa shi a ɗauke ran da ya faɗi. A shafa kaki sau uku ko huɗu a shekara, musamman gab da bazara.

Wannan kira ya shafi shugabannin ma'aikatu ma. Motocin gwamnati da na ayyukan raya karkara da kuɗin talakawa aka saye su, amma sau da yawa su ne ke yini a fili tun safe har la'asar, alhali ana iya kafa musu rumfa a koya wa direbobi wanki na ƙwarai. Tattalin abin da ke hannu yana cikin aikin gina ƙasa.

Tawa motar dai, karo na biyu na ba dattijon nan ita. Ya riƙe ta kwana goma sha biyu, tara daga ciki gurza kawai yake yi, ya kuma karɓi ninkin abin da na biya na farko. Na kafa mata rumfa a gida, na karɓe tsumman hannun mai gadi. Bazara uku ke nan, rufin yana nan yadda ya fito daga hannunsa.